Tsila da Sana'ar Fawa a Agege

Tun zamanin da fataken goro suka kafa zango a Agege, har jirgin ƙasa ya sada Ikko da Kano wajen 1912 shanun Arewa suka riƙa kwararowa kudu, fawa ta zama ɗaya daga cikin sana'o'in da aka san Bahaushe da su a wannan gari, kuma har yau mayankar Oko-Oba cike take da mahautanmu tun kafin alfijir ya keto. Sai dai akwai wata larura da ke tafe tare da naman shanu, wadda jama'a ke jin nauyin ambatonta a majalisi, ita ce tsila.

Mahaucin da ya gaji wuƙa a gidan ubansa, idan an feɗe sa, yakan tsaya kusa da ma'aikacin duba nama yayin da ake tsaga zuciya da harshe da naman muƙamuƙi, domin a nan ne ƙwayar tsila ta fi ɓuya, 'yar farar ƙullutu mai ruwa, wadda ba ta wuce ƙwayar wake ba. Yanka da bisimilla yana halatta dabba, wannan babu shakka a cikinsa, amma ba ya kashe abin da ke cikin tsoka. Wuta ce ke yin wannan aiki, shi ya sa dattawan masu tsire ba sa yarda su miƙa tsinke alhali cikinsa da sauran ja, ko da mai saye ya ƙosa. Wanda ya ci ɗanye-ɗanye kuwa, bayan wata biyu ko uku ƙwayar ta girma a hanjinsa, tsawonta ya kai mita biyar ko fiye, tana sakin gaɓoɓinta farare masu faɗi, waɗanda kan fito da kansu har mutum ya tarar da su a wando yana shirin alwala.

A nan kunya ke shiga. Galibi mai tsila ba ya zuwa asibiti da fari, sai ya raɗa wa mai magani a bakin kasuwa, a ba shi jiƙon marke ko na maɗaci ya sha da sassafe kafin ya karya. Ba na raina ilimin magabata, amma muddin kan tsilar na maƙale da hanji, duk abin da ya fita za ta mayar da shi. Likita kuwa yakan duba bayan gida, ya ba da Praziquantel ko Niclosamide a sha sau ɗaya, sa'an nan ya nemi a dawo bayan wata uku a tabbata ta mutu.

Abin da ya fi damuna shi ne mafarin al'amarin yana can Arewa, a burtali da makiyaya, inda mai tsila ya yi bahaya a fili saniya ta ci ciyawar wurin, daga baya a ɗora ta a babbar mota zuwa Oko-Oba.