Ujamaa: Gayyar da Aka Mayar Dole

 Yau shirin namu zai leƙa Tanzaniya.

Ran 5 ga Fabrairun 1967, a garin Arusha, Shugaba Julius Nyerere, wanda mutanensa ke kira Mwalimu, ya shelanta tafarkin da ƙasarsa za ta bi. A ganinsa, ƙasar da ba ta da kuɗi bai kamata ta rataya cigabanta a wuyan bashi da tallafin waje ba. Jarinta shi ne ƙasar noma da ƙarfin jama'arta. Kuma Afirka ba sai ta aro gurguzu daga Turai ba, tunda kaka da kakanni sun san noma tare da cin amfani tare. Wannan ita ce aƙidar Ujamaa. Bahaushen da ya san gayya ba zai ji baƙon zance ba.

To amma gayya da yardar mutum ake zuwa. A yankin Ruvuma da ke kudancin ƙasar, manoman Litowa da wasu ƙauyuka sun haɗa kai don ra'ayin kansu, suka yi gonar haɗin gwiwa, suka gina makarantarsu, har Nyerere ya riƙa yabonsu. Sai ga shi a 1969 jam'iyyarsa ta TANU ta rushe ƙungiyar tasu, don ba a hannunta linzamin yake ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a tarihin nan.

A 1973 komawa ƙauyukan da gwamnati ta tsara ya zama tilas. Aka kwashe miliyoyin manoma daga gonakin da suka sani, wasu aka sauke su inda ƙasa ba ta da albarka. Fari ya zo ya tarar, ƙasar ta koma sayen hatsi daga waje. A 1976 kuma aka soke ƙungiyoyin gama-kai na manoma, hukumomin gwamnati suka karɓe sayen amfanin gona.

Duk da haka, jama'a, kada mu yi wa Nyerere rashin adalci. Yara sun cika makarantun firamare, manya sun koyi karatu, harshen Swahili ya ɗinke ƙabilu sama da 100. Shi kuma ya sauka daga mulki da kansa a 1985. Shekara guda bayan nan magajinsa, Ali Hassan Mwinyi, ya sa hannu kan sharuɗɗan asusun IMF, a shekarar da Najeriya ma ta shiga shirin SAP na gyaran tattalin arziki.