Cefanen Wata A Gidan Mai Ƙaramin Ƙarfi

Duk wanda ya taɓa zama a gidan ma'aikaci mai ƙaramin albashi ya san cewa wata kashi biyu ne. A makon farko tukunya takan ga nama, a dafa shinkafa da taliya, har yara su sami lemon kwalba. Daga ranar 20 ga wata kuwa sai a koma jiƙa gari, ko tuwo da miyar da ba ta ga mai ba, maigida kuma ya fara canza hanya don kada ya haɗu da mai shago. Lamarin ba sabo ba ne, domin an sha irinsa bayan da gwamnati ta ɓullo da shirin gyaran tattalin arziki a 1986. Ya kuma sake tsananta bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, har ta kai a tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. A wannan shekara ce aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000.

Sai dai jikin ɗan Adam ba ya lissafi da ranar albashi. Yana iya ajiye kuzari a matsayin kitse, hanta kuma takan ajiye bitamin A na tsawon watanni. Amma ba shi da rumbun furotin, wato sinadarin gina jiki. Idan mutum ya ci fiye da bukatarsa a yau, hanta za ta warware rarar, a ƙone wani kashi don samun kuzari, ƙoda kuma ta fitar da sauran ta cikin fitsari. Haka nan bitamin C da yawancin dangin bitamin B ba sa daɗewa a jiki. Ke nan rarar furotin ɗin naman da aka cinye a ranar 2 ga wata ba za ta jira yaro har ranar 25 ba. Gidan da ya raba ɗan abin da yake da shi daidai wa daida a kan kwana 30 ya fi cin riba a kan gidan da ya yi biki na mako guda, ya yi yunwa na mako uku, ko da kuɗin da suka kashe ɗaya ne.

Ƙananan yara su suka fi shan wahalar wannan hawa da sauka. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, a Arewa maso Yamma kuwa sun fi rabi. Tsumburewar da ta kama yaro kafin ya cika shekara biyu da wuya a gyara ta daga baya, kuma takan biyo shi har cikin aji.

Lissafin awo

A ɗauki misalin gida mai mutum shida: miji da mata da yara huɗu, daga ɗan yaye zuwa ɗan sakandare. Irin wannan gida yana bukatar kuzarin da ya kai kimanin kalori 11,000 a kowace rana. Giram 100 na gero ko dawa ko masara yana ba da kalori wajen 350. Idan hatsi ne zai ɗauki kashi 60 cikin ɗari na wannan nauyi, ana bukatar abin da ya kusa kilo biyu a rana, wato kilo 57 a wata. A kasuwannin hatsi irin Dawanau ta Kano akan lissafa buhu a kan tiya 40, kowace tiya kuma tana kai kimanin kilo biyu da rabi. Hatsin wata ya kama tiya 23 ke nan. A kan wannan sai a ɗora wake tiya 6, da mai lita huɗu da rabi, da gyaɗa ko ƙuliƙuli kamar tiya biyu. Waɗannan abubuwa huɗu kaɗai sun biya fiye da kalori 10,000 a rana. Ragowar sai ta fito daga dankali, kabewa, ganye da ɗan sukari.

Mai karatu zai lura cewa ba a ambaci shinkafa ba. Ba mantuwa aka yi ba. Furotin ɗin da ke cikin shinkafa bai wuce kashi 7 cikin ɗari ba, alhali na gero da dawa yakan kai 10 ko 11, kuma gero ya fi ta sinadarin ƙarfe nesa ba kusa ba. A galibin lokuta shinkafa ta fi su tsada. Abin da mutum yake biya a kanta shi ne sauƙin dahuwa da kuma martabar da jama'a suka ba ta. Ba laifi a ci ta ran Juma'a, amma gidan da ke cikin matsi bai kamata ya gina watansa a kanta ba. Garin rogo kuwa ya fi kowa yaudara: yana cika ciki, yana da araha, amma furotin ɗinsa bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba.

Auren hatsi da wake

Furotin sarƙa ce da aka ƙulla da ƙananan ƙwayoyi da ake kira amino asid. Iri 20 ne jiki yake aiki da su, tara daga ciki kuma ba ya iya haɗa su da kansa, dole sai daga abinci. Hatsi yana da ƙarancin ɗaya daga cikin taran, mai suna laisin. Wake yana da laisin a wadace, amma yana da ƙarancin wani mai suna metiyonin, wanda shi kuma hatsi yake da shi. Abin ya yi kama da magini mai tarin bulo ba siminti, da maƙwabcinsa mai siminti ba bulo. Kowannensu shi kaɗai gininsa zai tsaya, amma in suka haɗa hannu sai ɗaki ya tashi. Ludayi ɗaya na wake a kan ludayi uku ko huɗu na hatsi ya isa ya cike giɓin.

Abin sha'awa shi ne matan Hausa sun riga ɗakin gwaji gano wannan. Koko da ƙosai, garau-garau, dawa da wake, kunun gyaɗa, tuwo da miyar da aka sa wa daddawa da gyaɗa, duk aure ne tsakanin hatsi da dangin wake. Fura da nono ma haka take, domin nono yana cike laisin ɗin da gero ya rasa.

Idan aka zo batun kuɗi, wake yana ɗauke da furotin kashi 23 cikin ɗari ko sama da haka, ɗanyen nama kuwa wajen kashi 20. Wato kilo ɗaya na busasshen wake bai gaza kilo ɗaya na nama ba ta fuskar yawan furotin, kowa kuma ya san tazarar da ke tsakanin farashinsu. Waken suya ya fi su duka, don nasa yakan haura kashi 35, shi ya sa awara ta zama naman talaka a garuruwa da yawa. Sharaɗinsa guda ne: a dafa shi ya dahu sosai, saboda ɗanyensa yana da wani sinadari mai hana hanji narkar da furotin, zafin wuta ne ke kashe shi.

Duk da haka ba a cewa a yi ban kwana da abincin da ya fito daga dabba. Bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi suke bukata, ba a samunsa a hatsi ko wake. Kaɗan ake nema, kuma nono, ƙwai, hanta ko ɗan busasshen kifi da aka daka cikin miya sau biyu ko uku a mako zai taimaka ƙwarai. A nan ne wata al'ada take da gyara. A gidaje da yawa tsokar da ke cikin miya kwanon maigida take tafiya, yara su sami romo. Ta fuskar ilmin halittu an juya abin a baibai, domin wanda jikinsa ke girma, da mai ciki, da mai shayarwa, su suka fi bukatarta. A 1933 wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da yanzu ake kira Gana, ta bayyana cutar da ake ce wa kwashiyoko a jikin yaran da aka yaye aka bar su da kunun masara zalla. Sunan cutar daga harshen Ga ya fito, yana nuni da ciwon da ke kama yaro idan an yi masa ƙane.

Kunun ɗan yaye yana da wata matsala ta daban. Cikin yaro ƙarami ne. Idan kunu ya yi kauri ba zai iya sha ba, idan kuma aka tsinka shi da ruwa sai ya cika cikinsa da ruwa. Maganin yana cikin gida: a jiƙa gero ko dawa har ya yi tsiro, a shanya, a niƙa. Ƙaramin cokali na garin tsiron nan a cikin kunu mai kauri da ɗumi zai tsinka shi cikin 'yan mintoci ba tare da an ƙara ruwa ba, saboda tsiron yana da sinadarin amiles mai warware sitaci. Sai a mayar da kunun wuta ya ɗan tafasa, a ƙara niƙaƙƙiyar gyaɗa da cokalin manja.

Miya ba ado ba ce

Idan kuɗi ya yi ƙaranci, kayan miya ake fara yankewa, alhali a nan ne akasarin bitamin da ma'adinai suke. Kuka, zogale, rama, alayyafo, yakuwa da tafasa suna cikin abinci mafi araha a kasuwa, wasu ma a bayan gida suke fitowa. Manja da kabewa da karas suna ba da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi. Ƙarfen da ke cikin ganye da wake ba ya shiga jini da sauƙi kamar na nama, amma bitamin C yana buɗe masa hanya. Don haka matsa lemon tsami a kan kwaɗon zogale, ko cin gwaiba bayan abinci, ko shan kunun da aka dama da garin 'ya'yan kuka, ba ƙwalama ba ce. Shayi kuwa akasin haka yake yi, gara a jinkirta shi zuwa sa'a ɗaya bayan cin abinci. Gishiri kuma a sayi mai sinadarin aidin, wanda Nijeriya ta wajabta tun 1993 don yaƙi da maƙoƙo, a ajiye shi a rufe.

Kanwa tana sa wake ya yi saurin nuna, amma tana lalata bitamin B1. Jiƙa wake tun da dare yana rage lokacin dahuwa, ya rage gawayi ko iskar gas, ba tare da wannan hasara ba. Kuɗin makamashi ma cikin kuɗin abinci yake, ko da yake ba kasafai ake lissafa shi ba.

Saye da ajiya

Hatsi da wake sukan yi araha da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, su yi tsada a tsakiyar damina. Tumatir da tattasai kuwa lokacin sanyi suke cika kasuwa, sa'ad da amfanin noman rani ya shigo, a nan ne ya kamata a yanka a shanya kauɗa. Ganye a inuwa ake shanya shi, don rana tana cinye bitamin ɗinsa. Gaskiya ne cewa wannan shawara ta fi sauƙi ga mai albashi. Ɗan dako ko mai tura ruwa, wanda sai ya fita yake samun na awo, shi ne yake saye da gwangwani, kuma shi ne yake biyan mafi tsada a kan kowane kilo. Abin da ya rage masa shi ne haɗin gwiwa: gida huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su sayi buhu ɗaya su raba, ko a ajiye kwasar adashi ta faɗo daidai da kaka.

Wanda ya sayi wake da yawa sai ya yi shirin yaƙi da ƙwaro, domin tun daga gona yake zuwa da ƙwayayensa, cikin 'yan watanni kuma yana iya mayar da buhu gari. Zuba maganin ƙwari a cikin abin da za a ci haɗari ne. Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da takwarorinsu na Afirka, aka kuma fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, ba ya bukatar magani. Ledoji biyu na ciki suna hana iska shiga, ƙwarin su shaƙe iskar da ta rage su mutu. Jarka mai tsabta da murfi mai kyau, idan aka cika ta har wuya da busasshen wake aka toshe, za ta yi irin wannan aiki.

Akwai kuma arahar da ta fi tsada tsada. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna tana iya ɗaukar dafin afalatoksin, wanda ke lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe shi. A 2004 gurɓatacciyar masara ta halaka mutum 125 a Kenya. Duk ƙwayar da ta canza launi, ko ta motse, ko take ɗaci, a tsince a zubar. Ɗumame kuwa ba abin kunya ba ne, tattali ne, muddin an rufe tuwon an ajiye shi a wuri mai sanyi, da safe kuma an tafasa shi har cikinsa ya yi zafi. Dafaffiyar shinkafa ta fi tuwo saurin lalacewa, saboda wata ƙwayar cuta da ke jure wa tafasa takan hayayyafa a cikinta idan ta kwana a wuri mai ɗumi, don haka a dafa daidai wadda za a cinye.

Malaman kimiyya za su iya mayar da wannan batu darasin aji. A tura ɗalibai kasuwa su kawo farashin tiyar gero, masara, shinkafa, wake da waken suya, da na kilon nama. A auna nauyin tiyar a kan sikelin makaranta, tun da tiyar wani gari ba ta zama daidai da ta wani. Daga nan kowane ɗalibi ya lissafa giram nawa na furotin naira 1,000 za ta saya daga kowane iri, ya tsara awon wata na gidansu bisa yawan mutanen da ke ciki. A sake zuwa kasuwar a watan Yuli, a kwatanta da abin da aka rubuta a Nuwamba.