Tattakin Ɗalibai a Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi: Yadda Ake Zaɓen Hanya ga Sababbin Shiga

Gabatarwa

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ɗalibin da ya karanta labarin zaizayar ƙasa a littafi, ilminsa bai kai na wanda ya tsaya a bakin kwazazzabo ya ga yadda ruwa ya cinye gona ba. Wannan ne ya sa ƙungiyoyin matasa, kamar 'yan sikawut da kulob-kulob na kimiyya a makarantun sakandare, kan shirya tattaki a ƙafa, kowa goye da jakarsa. Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, da ƙauyukan yankin, tana da abubuwan nazari masu yawa: duwatsu, fadamu, gonaki da kuma madatsar ruwa ta Zobe. Sai dai fita da 'ya'yan mutane amana ce mai nauyi, kuma yawancin matsalolin da kan auku a hanya, tun a wajen zaɓen hanyar ake shuka su.

Tsaro Kafin Komai

A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Wannan ya isa darasi ga duk mai shirin fita da yara a wannan shiyya. Dajin Rugu, wanda ke yamma ta wajen Safana da Batsari, ya yi shekaru yana zama maɓoyar ɓarayin daji, don haka ba wurin kai ɗalibai ba ne. Hanyar da ta dace ita ce wadda ke ratsa garuruwa da gonaki, ba ta nisa da titin mota, kuma waya tana samun sabis a ko'ina cikinta. Lalle ne a nemi iznin iyaye a rubuce, a sanar da hukumar makaranta da jami'an tsaro, a kuma shawarci dagaci ko mai unguwa, domin su ne suka san halin da ƙauyukansu ke ciki a wannan makon. Idan suka nuna shakka, sai a fasa. Tattakin farko ya zama na wuni guda, a dawo kafin La'asar. In an ƙware har ana son kwana, to a kwana a cikin gari.

Lokacin da Ya Dace

A bazara, wato daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Da damina kuwa rafuka kan cika ba zato, ciyawa ta rufe hanya, sauro ya yawaita. Saboda haka lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Janairu, bayan an kawar da amfanin gona, ƙasa ta buɗe, iska ta yi sanyi. Illar wannan lokaci ita ce ƙurar hunturu, wadda kan tayar wa masu asma ciwonsu, da kuma sanyin asuba da kan taso wa masu sikila da ciwon ƙashi. Wajibi ne malami ya san masu waɗannan lalurori tun kafin a tashi, kuma su zo da shawarar likita da magungunansu.

Lissafin Tsawon Hanya

A shekarar 1892 wani mai hawan duwatsu ɗan ƙasar Sikotilan, William Naismith, ya fito da ƙa'idar da har yau ake amfani da ita: lafiyayyen mutum kan ci kilomita 5 a sa'a guda, sannan a ƙara sa'a ɗaya a kan kowace mita 600 ta hawa. Alal misali, hanya mai kilomita 8 da ta haɗa da hawan dutse na mita 150 za ta ci sa'a ɗaya da minti 36 a shimfiɗe, da ƙarin minti 15 na hawa, wato kusan sa'a biyu. Amma wannan lissafi na manya ne da suka saba. Ga yara sababbin shiga, sai a ƙara rabin wannan lokaci, sannan a ƙara na hutu da na bayani da na salla. Da haka sai a ga kilomita 8 ta cinye safiya ɗungum. Saurin ayari shi ne saurin wanda ya fi kowa rauni a cikinsa, don haka a sa shi a gaba, malami ɗaya kuma ya tsaya a ƙarshen layi. Idan akwai 'yan mata, tilas a tafi da malama.

Ruwa da Nauyin Jaka

Nan ne ilmin halittu ya fi shigowa. Tsokar da ke aiki tana haifar da zafi, jiki kuma yana fitar da shi ta hanyar zufa. Yayin da lita ɗaya ta zufa ta bushe a kan fata, takan ɗauke zafi kimanin kilokalori 580. Mai tafiya a rana kan iya zubar da zufa wajen lita guda a sa'a. A hunturu busasshiyar iska kan shanye zufar nan take, sai yaro ya ɗauka bai yi gumi ba, alhali ruwan jikinsa na ƙarewa. Alamomin farko su ne ciwon kai, jiri da fitsari mai duhu. Idan yaro ya fara sambatu ko ya ruɗe, jikinsa ya yi zafi rau, to a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a garzaya asibiti. Ga wanda ya galabaita amma yana cikin hayyacinsa, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Masana kan ba da shawarar kada jakar yaro ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinsa. Ɗalibi mai kilo 45 ke nan bai kamata ya goya fiye da kilo 7 ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka lita 3 kaɗai sun cinye kusan rabin abin da zai iya ɗauka. Wannan ya nuna cewa hanya mai kyau ita ce wadda ke bi ta garuruwan da ke da rijiyar burtsatse, inda za a sake cika gora. Guzuri kuwa, a nemi marar nauyi da ba ya lalacewa, kamar dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli da kilishi. Takalmi ya zama rufaffe wanda ƙafa ta saba da shi, domin sabo kan jawo bororo.

Haɗurra Biyu na Yankin

Madatsar Zobe, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaɗuwa, wuri ne mai kyau na kallon tsuntsayen ruwa, amma daga bakin gaɓa. Baya ga haɗarin nutsewa, ruwan da ke kwance irin wannan kan zama gidan ƙananan katantanwa masu ɗauke da ƙwayar tsargiya. 'Ya'yan tsutsar kan fito daga katantanwa su huda fatar mai wanka, bayan makonni a ga fitsarin jini.

Na biyu shi ne maciji, musamman kububuwa, wadda dafinta ke hana jini daskarewa. Kada a sa hannu a rami ko a ƙarƙashin dutse. Idan an yi sara, kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi, a ɗauki yaron zuwa asibiti.

Abin da Za a Koya

Duwatsun da Dutsin-Ma ta samo suna daga gare su sun haura shekara miliyan 500, kuma a jikinsu ana ganin yadda zafi da sanyi da ruwa ke ɓare dutse falle-falle. A gonaki akwai gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, shi ya sa gero ke yin kyau a gindinsa. Akwai kuka mai tara ruwa a jikinta, da aduwa mai ƙaya da ƙananan ganye don jure fari. Kowane ɗalibi ya riƙe littafi da fensir, ya zana abin da ya gani.

Kammalawa

Kafin ranar fita, ya kamata malami ya taka hanyar da ƙafarsa tare da ɗan gari, ya auna lokaci, ya san inda ruwa da inuwa suke, da asibiti mafi kusa, da inda mota za ta iya shigowa. Hanyar da malami bai bi ba, kada ya kai ɗalibai. Idan aka fara da gajeriyar tafiya aka dawo lafiya, iyaye za su amince, yara kuma za su nemi a ƙara musu nisa a shekara mai zuwa.