Lissafin da ke Ɓoye Cikin Wasan Karta

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan samarin da ke buga wot da yamma a Hotoro ko Gyaɗi-Gyaɗi zai lura ba sa son tauraro ya daɗe a hannunsu. Suna da hujja, ko da ba su taɓa lissafa ta ba.

Katunan wot 54 ne: da'ira 12, alwatika 12, kuros 9, murabba'i 9, tauraro 7, sai wot biyar masu lamba 20. Ba a sauke kati sai ya dace da na ƙasa a siffa ko a lamba. To, a ajiye wot gefe, a ɗauki lamba 4. Mai da'ira yana iya sauka kan katuna 13, wato 'yan'uwansa 11 da masu lambarsa biyu. Mai tauraro kuwa 8 kacal zai samu. Ga shi idan wasa ya tashi yana hannu, ninka lambarsa ake yi. Lamba ɗaya ce, amma yawan dangi ya bambanta darajarsu.

Haka abin yake a wasan Magic: The Gathering, wanda Richard Garfield, masanin lissafi ɗan Amurka, ya fitar a 1993, inda ɗan wasa ke haɗa tarin katunansa da kansa. Katin Goblin King dodo ne mai ƙarancin ƙarfi, amma yana ƙara wa sauran dodannin jinsinsa ƙarfi. Cikin tarin da suka yi yawa, sarki ne. Inda babu su, cika wuri kawai yake yi. Ko a gasa, inda tari ke da katuna 60 kuma ba a sa irinsa fiye da huɗu, damar ya fito cikin bakwai na farko kimanin kashi 40 ce cikin ɗari.