Kafin ka ɗora bulo a gidan gado

Da aka kammala madatsar ruwan Kainji a 1968, sama da mutum 40,000 aka tasa daga tsibirai da bakin kogin Kwara, aka gina musu sababbin matsugunai. Magidantan da suka karɓi gidajen nan, Gungawa da Kambari da sauransu, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Yau jikoki ne a ciki, kuma gidaje da dama har gobe ba a raba gadonsu ba.

Abin da ke ba ni haushi, daga Yelwa har Wara da Shanga, shi ne gini a kan abin da ba a raba ba. Mutum ya sayar da albasa ko banda, kuɗi sun shigo, sai ya rushe zauren gida ya fitar da shago biyu, ya buga kwano sabo. Bai shawarci kowa ba, babu takarda, babu shaida. Ƙanne sun gani sun yi shiru, wai "ai Yaya ne". Haya tana shiga aljihu ɗaya shekara da shekaru. Ranar da auren ƙanwarsu ya mutu ta dawo neman ɗaki, ko shi Yayan ya cika, sai 'ya'yansa su miƙe: "Babanmu ne ya gina." To, shi ya gina, amma a filin wa? Wannan kunyar da muke taƙama da ita, ita ke kai 'yan ɗaki ɗaya gaban alƙali suna rantsuwa.

Don Allah, kafin tifa ta sauke yashi, a zauna. A kira mai unguwa da malamin da ya san rabon gado, a yi wa gidan kuɗi yadda yake. Sannan a rubuta: aikin nan kyauta ne, bashi ne a kan magada, ko kuwa za a lissafa wa mai ginin ranar rabo? Wa zai karɓi haya? Kowa ya sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa, a adana rasit ɗin siminti. Mata su zo da kansu ko su turo wakilin da suka zaɓa. Matar mamacin da ya bar 'ya'ya tana da tumuni, 'ya mace tana da rabin rabon namiji, kuma a cikin gidan ne, ba a tukwane da tabarmi kaɗai ba.

Mai son sayar da kasonsa kuma ya fara tallata wa 'yan'uwa. A fiƙihun Malikiyya abokin tarayya yana da shuf'a, wato yana iya karɓe kason daga hannun bare a kan kuɗin da aka saya, amma in yana gari ya sani ya yi shiru har shekara, ya rasa. Gidan da ba ya yankuwa, alƙali na iya sa a sayar a raba kuɗin, sai dai in mai son zama zai biya sauran.