Dutsen Kamaru, dutse mai aman wuta

A kudu maso yammacin ƙasar Kamaru, dab da bakin tekun Atalantika, akwai wani babban dutse da ake kira Dutsen Kamaru. Tsawonsa ya wuce metir 4000. Ke nan ya yi biyun dutsen Bagzam na ƙasar Abzin. Babu dutsen da ya kai shi tsawo a duk wannan gefe na Afirka. Garin Buya yana zaune a jikinsa, garin Limbe kuma yana gindinsa, a bakin teku.

Wannan dutse ba kamar sauran duwatsu yake ba, don yana aman wuta. A can cikin ƙasa, ƙarƙashinsa, akwai zafi mai tsanani wanda ke narkar da duwatsu. Narkakken dutsen yana haɗe da iska mai neman mafita, kamar tukunyar talge da aka rufe bisa wuta. In ƙarfin ya yi yawa, sai ƙasa ta yi girgiza, jikin dutsen ya tsage. Daga nan hayaƙi da toka su tashi sama, narkakken dutse ya malalo ja wur. Zafinsa yakan wuce digiri 1000. In ya huce sai ya daskare, ya zama baƙin dutse.

Dutsen Kamaru ya yi aman wuta sau da yawa. A shekarar 1909, lokacin mulkin Jamusawa, girgizar ƙasa da wutar sun sa masu mulki sun bar Buya, sun koma Duwala na ɗan lokaci. A 1922 narkakken dutse ya gangara har ya faɗa cikin teku. Ya sake yi a 1954 da 1959 da 1982.

A ƙarshen watan Maris na 1999 ƙasa ta yi girgiza, gidaje suka tsattsage a Buya. Sai wuta ta ɓullo ta gefen kudu. Narkakken dutse ya riƙa gangarowa sannu sannu, yana cinye daji da gonaki. Bayan sati biyu da ƴan kwanaki ya datse hanyar mota ta bakin teku, kusa da ƙauyen Bakingili. An kwashe mutanen ƙauyen tun kafin ya iso. Da shekara ta kewayo, a 2000, dutsen ya sake yin amai.

To, me ya sa mutane ba su ƙaurace masa ba? Dalili shi ne abinci. In toka da baƙin dutse suka daɗe, sai su rududduge su zama ƙasa mai albarka. Ga kuma ruwan sama. Iskar teku mai laima tana bugun dutsen, ta hau sama, ta yi sanyi, ta zubar da ruwa. A ƙauyen Debunsha akan sami milimetir kusan 10000 a shekara. Maraɗi sai ta yi damina wajen ashirin kafin ta tara haka. Shi ya sa ake noman ayaba da ganyen shayi da roba da kwakwar manja kewaye da dutsen.

Babu mai iya hana dutse aman wuta. Amma masana sun kafa na'urori masu jin motsin ƙasa. In girgiza ta fara yawa, sai a gargaɗi jama'a su shirya. Za a iya rasa gona, amma a tsira da rai.

Tambayoyi
1. Ina Dutsen Kamaru yake?
2. Me ke sa dutse ya yi aman wuta?
3. Me ya faru kusa da Bakingili a 1999?
4. Don me manoma suke zama kusa da dutsen?