Peseiro zai tsaya ko zai tafi? Gardamar da ta raba matasan Sabon Birni da Isa gida biyu

Mako biyu bayan kammala Gasar Cin Kofin Afirka a Kwaddibuwa a Fabrairun 2024, ƙurar ba ta lafa ba. A makarantun sakandaren Sabon Birni da Isa idan an fita tara, da teburin mai shayi bayan Magariba, da zaurukan WhatsApp na 'yan aji ɗaya, magana guda aka yi ta tafkawa: kocin Super Eagles na lokacin, José Peseiro, zai ci gaba da aiki ko zai tattara nasa ya nasa? Wa'adin kwantiraginsa da hukumar NFF shi ne ƙarshen Fabrairun 2024, kuma zuwa lokacin da ake wannan gardama ba a sanar da sabon kwantiragi ba.

Wanda bai san yankin ba zai iya cewa mutanen da ke fama da 'yan bindiga ina ruwansu da wani Bature ɗan Fotugal. Da ruwansu. An take wasan ƙarshe ranar 11 ga Fabrairu da ƙarfe 9 na dare agogon Najeriya, lokacin da a ƙauyuka da dama na gabashin Sakkwato kowa ya riga ya shige gida, domin dare ba lokacin yawo ba ne. Mai gidan kallo kuma sai ya yi lissafin man janareta, tunda a lokacin litar fetur ta haura Naira 600 bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Wanda ya sha wannan wahala kafin ya ga wasa, ko ya bi shi a rediyo yana ta juya eriya, yana da bakin magana a kan wanda zai riƙe ƙungiyar.

Hujjar masu cewa ya tsaya

Ɓangaren farko da alƙaluma suke kāre kansu. Najeriya ta buga wasa 7, an zura mata ƙwallo 4 kacal. Bayan kunnen doki 1-1 da Ikwatoriyal Gini, sai Peseiro ya sauya tsari, ya jera 'yan baya uku a tsakiya, ya sa Ola Aina da Zaidu Sanusi suna hawa da sauka ta gefe. Daga nan wasa huɗu a jere babu wanda ya taɓa ragar Najeriya: Kwaddibuwa 1-0, Gini Bisau 1-0, Kamaru 2-0, Angola 1-0. Afirka ta Kudu ce ta fara farkewa a wasan kusa da na ƙarshe, aka tashi 1-1, aka fitar da ita 4-2 a bugun fenareti. Kafin wannan gasa, rabon Najeriya da wasan ƙarshe tun 2013.

Babbar hujjarsu ita ce mai tsaron raga. Shekaru ana kuka da wannan gurbi, sai Peseiro ya tashi takanas ya je Afirka ta Kudu ya duba Stanley Nwabali a Chippa United. Nwabali ya kaɗe fenareti biyu a wasan kusa da na ƙarshe. Abin da ke ƙara wa maganar armashi a nan Arewa shi ne, wannan yaro ya tsare wa Katsina United raga kafin ya bar ƙasar a 2022. Yana nan maƙwabta, ana kallonsa a filin Muhammadu Dikko, babu wanda ya ba shi rigar lamba ɗaya sai da ya tsallaka.

Hujjar masu cewa ya tafi

Ɗaya ɓangaren cewa suke gasa guda ba ta wanke mutum. Suna tuna yadda Gini Bisau ta zo Abuja a Maris ɗin 2023 ta ci 1-0. Suna tuna watan Nuwamban 2023, da aka yi 1-1 da Lesotho a Uyo, aka sake yin 1-1 da Zimbabuwe a Ruwanda, a wasannin neman gurbin Kofin Duniya na 2026. Maki 2 a wasa 2, a rukunin da na ɗaya kaɗai ke wucewa kai tsaye. Sannan ga abin da ya fi ci musu rai: ƙungiyar da ke da Victor Osimhen, gwarzon ɗan wasan Afirka na 2023, ta ci ƙwallo 8 a wasa 7, shi kansa Osimhen ya ci guda. A wasan ƙarshe William Troost-Ekong ya fara ci da ka, daga nan Najeriya ta koma gida ta tsugunna, Simon Adingra yana ta yi wa gefen dama kaca-kaca, har Franck Kessié ya farke, Sébastien Haller ya ƙara. Ana gani ruwa na shigowa, kocin bai toshe ba sai da lokaci ya ƙure.

A wannan gaɓa gaskiya na tare da su. Wasan ƙarshen bai yi kyau ba, kuma laifin benci ya fi na 'yan wasa yawa. Shi ya sa zagin da aka yi wa Alex Iwobi a intanet, har ya goge hotunansa a Instagram, ya zama abin kunya. Sai da kyaftin Ahmed Musa ya fito ya roƙi jama'a su daina. Ɗalibin da ya sa hannu a wannan zagi da wayar yayansa, ya sani bai ƙara wa Najeriya ko maki ɗaya ba.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda shi ne ainihin ƙashin bayan zancen. Rahotanni sun ce albashin Peseiro dala 70,000 ne a wata lokacin da aka ɗauke shi a Mayun 2022, aka rage zuwa 50,000 da aka tsawaita masa kwantiragi a 2023. Bayan ya kai ƙungiyar wasan ƙarshe, da wuya ya yarda da ragi. Mutum ne kuma da ya ajiye aikin horar da Benezuwela a 2021 saboda rashin biyan albashi. Ke nan tambayar tana da fuska biyu: ko hukumar da Ibrahim Musa Gusau ke shugabanta tana son sa, ko kuma shi yana son ta. Masu son ɗan gida suna ambato Emmanuel Amuneke, wanda ya ci Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015, da Finidi George, mataimakin Peseiro wanda ya ci gasar Najeriya da Enyimba a 2023. Tarihi bai raba gardamar ba: Otto Glória ɗan Brazil ya ci kofin 1980, Clemens Westerhof ɗan Holan ya ci na 1994, marigayi Stephen Keshi ya ci na 2013.

Daga ina ake ɗebo 'yan wasan?

Da zarar gardamar koci ta yi nisa sai ta rikiɗe ta koma wata, kuma ita ce ta fi shafar mai karanta wannan shafi. A cikin 'yan wasa 25 da suka je Kwaddibuwa, mutum ɗaya ne ke wasa a gasar cikin gida, Olorunleke Ojo na Enyimba, shi ma mai tsaron raga na uku. Troost-Ekong a Holan aka haife shi. Aina da Ademola Lookman da Semi Ajayi da Joe Aribo haihuwar Ingila ne. Calvin Bassey an haife shi a Italiya ya tashi a Landan. Lookman ma ya ci wa Ingila Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a 2017, sai a 2022 FIFA ta amince ya koma Najeriya. Tun zamanin Gernot Rohr zawarcin irin waɗannan yara ya zama babban aikin kocin ƙasa, dokar FIFA ta 2020 kuma ta ƙara sauƙaƙa sauya ƙasa.

Ba a raina su ba. 'Ya'yan Najeriya ne, kuma ƙwallaye 3 na Lookman su suka tsallakar da ƙungiyar daga Kamaru da Angola. Amma idan koci zai iya cika ƙungiya da bidiyon wasannin Turai da kiran waya, me zai kawo shi filin Giginya a Sakkwato, inda Sokoto United ke fafutika a gasar rukuni na biyu? Balle ya ji labarin wani yaro a Gatawa ko Kurawa ko Bafarawa. Masu wannan ra'ayi kullum Keshi suke kawowa, wanda ya tafi gasar 2013 da 'yan wasan gida har shida, ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, ya ci ƙwallon da ta ba Najeriya kofi a kan Burkina Faso.

Duk da haka ƙofar ba a rufe take ruf ba, kuma misalin yana kusa. Zaidu Sanusi ɗan Jega ne, a jihar Kebbi, wadda har 1991 tana cikin tsohuwar jihar Sakkwato. Bai shiga Turai ta babbar ƙofa ba. Ya yi wasa a Mirandela, ƙaramar ƙungiya a rukuni na uku na Fotugal, ya wuce Santa Clara a 2019, Porto ta saye shi a 2020. A watan Mayun 2022 shi ya ci Benfica a gidanta a mintin ƙarshe, ƙwallon da ta tabbatar wa Porto kofin ƙasar. Alhassan Yusuf kuwa ɗan Kano ne, ya bi ta IFK Göteborg a Suwidin zuwa Royal Antwerp a Beljiyam, aka kira shi ya maye gurbin Wilfred Ndidi da ya ji rauni. Abin lura a nan, dukansu biyu sai da wata ƙungiyar waje ta gan su kafin kocin ƙasa ya san da zamansu. Sauya koci, Bature ko ɗan gida, ba zai gyara wannan da kansa ba.

Irin ta tamu a gida

Abin dariyar shi ne, matasan da ke zargin NFF da dogaro da 'yan waje su ma haka suke yi. Duk wanda ya taɓa bin gasar unguwanni ko kofin da wani ɗan siyasa ya sa, ya san ɗan haya. Ana kai wa zagayen kusa da na ƙarshe sai ka ga baƙuwar fuska a gaba, an ɗauko shi daga Shinkafi ko Goronyo ko cikin Sakkwato, an biya masa kuɗin mota da na sabulu, yaron da ya yi wata uku yana atisaye ya koma benci. Gobirawan Sabon Birni da na Tsibiri da Maraɗi 'yan uwan juna ne, don haka ɗan wasa daga tsallaken iyaka ma ba baƙo ba ne a wajensu, sai dai rufe iyakar da aka yi bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya rage zirga-zirga.

Tafiyar koci ma an san ta. A makarantun karkara ƙungiyar ƙwallo kan rataya ne a wuyan malami guda, wanda sau da yawa shi ke sayen ƙwallon da kuɗinsa. Ran da aka yi masa canjin wurin aiki, ko ya nemi komawa birni saboda tsoron hanya, shi ke nan atisaye ya tsaya. Babu takardar sunayen 'yan wasa, babu tarihin wasanni, komai yana kansa ya tafi da shi. A Sabon Birni da Isa, inda hare-hare suka tashi ƙauyuka, dubban mutane suka yi gudun hijira zuwa jihar Maraɗi, a 2021 ma aka katse layukan waya na tsawon makonni, ƙungiya kan watse ko koci bai tafi ba, domin mai tsaron gida yana Gidan Runji, ɗan gaba yana Sakkwato wurin kawunsa.

Rashin takardar nan ba ƙaramar asara ba ce, ko da ba a cika maganarta ba. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Idan an sayar da shi Yuro miliyan 2, Yuro 100,000 ke nan na masu reno. Tun Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe ofishi a Paris da ke bin wannan kuɗi yana biya. Sai dai ofishin rajista yake dubawa. Ƙungiyar da ba ta yi rajista da hukumar ƙwallon jiha ba, ba ta kuma yi wa yaranta ba, ko ita ta koya wa yaron ɗaure takalmi ba ta da ko sisi. Kocin unguwa da shugaban makarantar da ke karanta wannan, zuwa ofishin hukumar a Sakkwato a tambayi yadda ake rajista ya fi awa uku na gardamar Peseiro amfani.

Doka ta biyu ta ɗalibai ce kai tsaye. FIFA ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 18 ba zuwa wata ƙasa don wasa, sai da wasu 'yan keɓance-keɓance, kamar idan iyayensa ne suka ƙaura can saboda wani dalilin da ba ƙwallo ba. Don haka duk wanda ya turo wa ɗan aji biyar saƙo a Facebook cewa shi wakili ne, a sayar da shanu ko gona a turo kuɗin biza zai kai shi gwaji Turai, to ya saɓa doka tun daga kalmar farko. Wakilin gaske lasisin FIFA gare shi, kuma ana iya neman ya nuna. Rage shekaru ma ya daina ci kamar da, tunda ana yi wa 'yan ƙasa da 17 hoton ƙashin wuyan hannu kafin gasa. Takardar haihuwa ta gaskiya da sakamakon WAEC su ne kayan tafiyar da ba a ƙwacewa a filin jirgi.

Wane ne zai zauna a benci?

A ganina a lokacin Peseiro ya cancanci a bar shi zuwa ƙarshen wasannin neman gurbi, da sharaɗi biyu: a rubuta masa cewa zai riƙa zama a Najeriya yana kallon gasar gida, kuma hukumar ta ɗauki albashin da za ta iya biya ba tare da bashi ba. Idan ɗayan biyun bai samu ba, gara a rabu tun lokacin, a ba sabon koci wasannin sada zumunta na watan Maris ɗin 2024 ya san yaransa. Mafi muni shi ne a yi ta jan ƙafa har Mayu, kamar yadda aka sallami Rohr a Disambar 2021 ana saura makonni a fara gasar Kamaru, wata uku bayan nan Ghana ta hana Najeriya zuwa Kofin Duniya a Abuja.

A watan Yunin 2024 aka tsara Afirka ta Kudu ta zo Uyo, bayanta sai wasa da Jamhuriyar Benin, wadda kocinta a lokacin shi ne Gernot Rohr ɗin da aka kora. A Fabrairun 2024 Ruwanda ce ke saman rukunin da maki 4, Afirka ta Kudu na da 3, Najeriya na da 2.